Lambun Kaka da Dogon Hutu: Kimiyyar da Ke Bayan Ɗaki

Da zarar makarantun firamare da na sakandare sun rufe zangon karatu na uku a cikin watan Yuli, tashoshin mota na manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja sukan cika da yara riƙe da jakunkuna, za a kai su hutu wajen kakanni. Wasu a Ɗambatta za a sauke su, wasu a Malumfashi, wasu kuwa sai Gumel ko Argungu. A can gida, tun kwana biyu kafin isowarsu an share ɗaki, an shanya tabarmi. Suna sallama tsohuwa za ta tare su da wasan nan na kaka da jika: namijin ta ce maigidanta ya dawo ba ko cefane, macen kuwa ta ce ga kishiya ta zo cin tuwon banza.

A yawancin irin waɗannan gidaje akwai wani ɗan fili a bayan ɗaki ko a gefen rijiya, wanda aka kewaye da dangar kara ko ƙaya saboda awaki. A cikinsa akan tarar da kuɓewa da yakuwa da rama da lalo da alayyafo, ga kabewa ta yi yaɗo ta haye danga, ga zogale tsaye a lungu. Faɗin wurin sau da yawa bai wuce na ɗaki biyu ba. Duk da haka, kusan duk wani babi na littafin kimiyyar halittu da ɗalibin sakandare yake haddacewa saboda jarrabawa, yana nan a fili cikin wannan 'yar garka, ana aiki da shi kullum. Wannan maƙala za ta duba abin da ke faruwa a wurin a idon kimiyya, da kuma abin da za a rasa idan aka wayi gari babu garkar, ko babu mai zuwa ya gan ta.

Yadda hutu ya dace da damina

Dogon hutu a Nijeriya yakan ɗauki mako shida zuwa takwas, a Jamhuriyar Nijar ma ya fi haka tsawo. Ya kuma faɗo a tsakiyar damina, domin a watan Agusta ne ruwa ya fi sauka a ƙasar Hausa, wato lokacin marka. Kano takan sami ruwan da ya kai kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, Zariya ta ɗara 1,000, Sakkwato kuwa ba ta kai Kano ba, kuma kusan dukkansa yana zuba ne cikin wata huɗu zuwa biyar. Saboda haka a wannan lokaci lambun gida ba ya bukatar ban-ruwa sai in an yi fari.

Abin sha'awa shi ne yadda rayuwar waɗannan ganyaye ta yi daidai da tsawon hutun. Alayyafon da yaro ya yafa a makon da ya iso, zai ci shi a miya bayan mako huɗu ko biyar. Wake yakan tsiro cikin kwana uku zuwa biyar. Kuɓewa, idan mai saurin yi ce, takan fara fure a wajen mako na shida ko na bakwai, kuma kwana huɗu zuwa shida bayan furen ya faɗi an sami ɗanyar kuɓewa ta yanka. Ke nan yaro yana iya ganin shuka tun tana ƙwaya har ta shiga tukunya kafin a koma makaranta.

Yakuwa kuwa takan ƙi ba shi wannan dama. Za a yi ta tsinkar ganyenta ana miya, amma ba za ta yi fure ta ba da zoɓorodo ba sai bayan jikoki sun tafi. Dalili shi ne yakuwa, wadda masana ke kira Hibiscus sabdariffa, tana daga cikin tsirran da ke auna tsawon yini da dare. A Kano yini yakan kusa kai awa 13 a watan Yuni, sa'an nan ya yi ta raguwa har ya koma wajen awa 11 da rabi a Disamba. Sai dare ya ƙara tsawo yakuwa take fara huda. Masana biyu na Amurka, Garner da Allard, su ne suka bayyana wannan ɗabi'a ta tsirrai a shekarar 1920, bayan gwaje-gwajen da suka yi da taba da waken soya. Tsofaffi kuwa sun daɗe da sanin cewa ko da wuri aka shuka yakuwa ko a makare, lokacin furenta kusan ɗaya ne.

Daga ƙwaya zuwa tsiro

Kowace ƙwayar iri tana ɗauke da ɗan tayin tsiro mai rai, da guzurin abincinsa, da kuma ɓawon da ke kare su. Tayin yana cikin wani irin barci, kuma abu uku ne ke tashe shi: ruwa, da iskar oksijin, da ɗumi. Idan ruwa ya ratsa ɓawon, sai wasu sinadarai da ake kira inzayim su farka, su narkar da guzurin ya koma sukari, tayin ya samu ƙarfin turo saiwa ƙasa, daga baya ya turo kai sama.

Duk dabarun da kaka take yi kafin shuka suna komawa ne ga waɗannan abubuwa uku. Takan jiƙa irin kuɓewa ya kwana a ruwa, domin ɓawonsa yana da tauri, ruwa ba ya saurin shiga. Irin lalo ya fi shi taurin kai, shi ya sa masu noman lalo sukan ƙulle shi a ƙyalle su tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, zafin ya sassauta ɓawon. Irin alayyafo kuwa ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya fiye da 1,000. Shi ya sa ake cuɗa shi da yashi kafin a yafa, don kada ya taru wuri guda, kuma ba a binne shi da zurfi. Guzurin da ke cikin ƙwaya mai wannan ƙanƙanta ba zai ishi tsiron ya ratso ƙasa mai kauri ba, zai ƙare a hanya tun bai ga rana ba.

Haka nan ake tayar da kunya kafin a yi shuka a lokacin marka. Idan ruwa ya kwanta a wuri, yakan cike ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya kore iskar da ke ciki. Saiwa ma numfashi take yi, in ta rasa oksijin sai ta ruɓe. Yaron da ya ga kuɓewar kan kunya kore shar, ta cikin kwari kuwa ta yi rawaya ta langaɓe, ya ga wannan darasi da idonsa, kuma gani ya kori ji.

Daga ina jikin tsiro yake fitowa?

Idan aka tambayi yaro abin da kabewa ta ci ta yi wannan girma, amsar da zai bayar ita ce ƙasa. Haka masana ma suka ɗauka na tsawon ƙarnoni. Wani likita ɗan ƙasar da a yau ake kira Beljiyam, mai suna Van Helmont, shi ne ya gwada maganar. Ya auna busasshiyar ƙasa ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, sai ya tarar itacen ya ƙaru da kimanin kilo 74, alhali ƙasar ba ta ragu da abin da ya kai giram 60 ba. An buga sakamakon a shekarar 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya zaci daga ruwa kaɗai itacen ya sami jikinsa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mafi yawan busasshen nauyin tsiro daga iska yake zuwa.

A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda iskar kabon-dayoksaid take shiga ta cikinsu. Koren sinadarin da ke cikin ganye, wato kulorofil, yana kama hasken rana, da ƙarfin wannan haske ne ganyen yake haɗa iskar da ruwa ya ƙera sukari, ya saki oksijin. Daga sukarin nan ake gina kara da saiwa da 'ya'ya. Wannan ne ya sa kaka ba ta yin garka a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, kuma takan rage tsirran da suka yi cunkoso ko da jikoki suna ganin ɓarna ce.

Alayyafo yana da wata baiwa ta daban. Yana cikin rukunin tsirran da ke da hanya ta musamman ta tara kabon-dayoksaid a cikin ganye, wadda masana Hatch da Slack suka yi bayaninta a Ostireliya a shekarar 1966. Gero da dawa da masara da rake duk suna cikin wannan rukuni. Irin waɗannan tsirrai suna ci gaba da ƙera abinci a cikin zafin rana mai tsanani ba tare da asarar ruwa mai yawa ba, shi ya sa alayyafo yake riga sauran ganyaye isa yanka.

Toka da kashin awaki da saiwar wake

Ko da yake ɗan abu kaɗan tsiro yake ɗauka daga ƙasa, in babu wannan kaɗan ɗin ba zai rayu ba. Manya daga ciki su ne naitirojin mai sa ganye ya yi kore, da fosfaras mai taimakon saiwa da iri, da fotasiyam mai ƙarfafa kara da 'ya'ya. Su ne haruffa ukun nan da ake gani a jikin buhun takin zamani. Gidan kaka yana samar da su ba tare da an je kasuwa ba. Kashin awaki da na kaji suna ba da naitirojin da fosfaras, tokar murhu kuma tana ba da fotasiyam da kalsiyam. Sharar gida da aka tara a juji ta ruɓe, bayan gina jiki da take ba tsiro, tana sa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa. Wannan dabara ce ta riƙe gonakin kewayen birnin Kano ana noma su kowace shekara ba hutu, kamar yadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nuna a binciken da ya fara tun shekarun 1960, lokacin da jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki.

Akwai ƙa'idoji biyu da tsofaffi ke kiyayewa. Ba a zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, domin gishiri da iskar amoniya da ke cikinsa suna ƙona saiwa, sai an bar shi ya ruɓe. Ba a kuma cika toka, domin tana da kaifi irin na kanwa, in ta yi yawa takan hana tsiro shan wasu sinadaran.

Darasin da ya fi burge yara yana gindin wake. Idan aka tuge wake ko gyaɗa a hankali aka wanke saiwar, za a ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle manne da ita. Yaro zai ce cuta ce. A fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, to yana aiki. Gidaje ne na wasu ƙwayoyin bakteriya da ke kama naitirojin daga iska su mayar da shi abin da tsiro zai iya sha, shi kuma tsiron ya biya su da sukari. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya amfani da shi kai tsaye sai ta irin wannan hanya. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da haka a shekarun 1880, sa'an nan Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar bakteriyar a 1888. Jan launin kuwa na wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja. Manomin da ke shuka wake a tsakanin gero ya gaji amfanin wannan haɗin gwiwa tun kafin a ƙera madubin ganin ƙwayoyin cuta.

Furen kabewa da ƙudan zuma

Akwai tambayar da kusan kowane jika yake yi idan ya ga kabewa ta cika danga da fure amma ba 'ya'ya.

"Kaka, me ya sa furannin nan suke zubewa ba su haifi komai ba?"

"Waɗannan mazan ne, maigida. Jira matan su fito."

Amsar tsohuwa daidai take da ta littafi. Kabewa da duma da kankana da gurji suna fitar da fure iri biyu a jikin tsiro guda. Namijin yana kan siririn tsinke, shi ke fara fitowa, ya kuma fi yawa. Macen tana da ɗan kumburi a gindinta, wanda shi ne zai zama gunda. Sai an ɗauko garin da ke cikin namijin an kai kan macen sa'an nan gundar take kamawa, in ba haka ba ta yi rawaya ta faɗi. Ƙudan zuma ne ke wannan jigila da sassafe, domin furen kabewa kafin rana ta take ya rufe. Inda ƙudan zuma suka yi ƙaranci, mutum yana iya tsinko namijin, ya cire ganyen furen, ya goga kansa a tsakiyar macen. Aiki ne da yaro ɗan shekara goma zai iya, kuma bayan kwana uku ko huɗu zai ga gundar ta fara girma.

Kuɓewa ba ta da wannan matsala sosai, domin furenta ɗaya yana ɗauke da sashen namiji da na mace, yakan buɗe da safe ya yi yini guda. Amma ƙudan zuma sukan kawo mata gari daga kuɓewar maƙwabta, wanda ke sa iri ya gauraya. Wannan batu zai sake tasowa idan aka zo maganar ajiyar iri.

Abokan gaba da abokan arziki

Damina lokacin ƙwari ce. Darɓa takan taru a bayan ganye tana tsotsar ruwansa, tsutsa da fara suna huda shi. Amma a cikin garkar akwai masu farautarsu: gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro da kwaɗi da ƙadangaru. Idan aka yi feshin magani mai ƙarfi, mafarautan da ƙudan zuma su ma suna mutuwa, kuma masu ɓarnar sun fi su saurin hayayyafa, sai su dawo fiye da da.

Maganin da ya fi dacewa da lambun da yara ke shiga yana ƙofar gida. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fari sun cinye ganyen itatuwa sun bar darbejiya. A 1968 aka ware sinadarin da ke jawo haka, aka sa masa suna azadiraktin. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma hana tsutsa saɓa, sai ta kasa girma. Ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan. Akan daka ƙwallon, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma, domin hasken rana yana saurin kashe ƙarfinsa. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da maganin kanti, to ya kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka, ya kuma ɓoye kwalbar inda yaro ba zai kai ba.

Tumatir shi ne abin da ya fi ba masu lambun damina wahala. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, kuma laimar damina tana jawo masa cututtukan funfuna, zafin dare kuma yana zubar masa da fure. Shi ya sa aka fi noma shi da rani a wurare irin su Kadawa, ya kuma yi tsada da damina. Ga shi kuma ya sami sabon maƙiyi, wata 'yar faɗa-wuta mai suna Tuta absoluta, wadda tsutsarta ke shiga cikin ganye da 'ya'ya. Ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bazu zuwa Afirka, har a 2016 ɓarnarta ta sa Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Gauta da yalo, waɗanda 'yan ƙasa ne, sun fi shi jure damina.

Wajibi ne kuma a tuna da sauro. Watannin hutu su ne na zazzaɓin cizon sauro, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan sauro yake zama sauro a ruwan da ya kwanta. A cike kududdufan da ke gefen garka, a kife gwangwanaye da fasassun tukwane, yara su kwana a gidan sauro, su kuma sa takalmi in za su shiga lambu.

Abin da ke shiga tukunya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Korayen ganyaye irin su zogale da alayyafo da lalo, da kuma jar kabewa, suna ɗauke da sinadarin karotin wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin ne ke kawo dundumi, yana kuma raunana garkuwar jikin yaro a gaban ƙyanda da gudawa. Ganyayen suna kuma ba da sinadarin ƙarfe da na folet, waɗanda ake bukata wajen ƙera jini.

Yadda aka sarrafa ganye yana iya ƙara amfaninsa ko ya rage. Karotin a cikin mai yake narkewa, saboda haka kwaɗon zogale ko na rama da aka yi da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi ganyen da aka ci gaya amfani ga jiki. Tumatir ko lemon tsami a cikin kwaɗo yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa in an sha tare da abinci yana rage tsotsar. A nan kimiyya tana da gyara biyu ga al'ada. Kanwar da ake jefawa a miya don ganye ya yi laushi tana lalata bitamin C da wani sashe na bitamin B, don haka a rage ta, a kuma rage daɗewar ganye a wuta. Sa'an nan ganyen da za a adana don rani, a shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana tana cinye karotin.

Goran iri

A ƙarshen damina kaka takan bar kuɓewar da ta fi kyau ta bushe a jikin karanta, ta ɓare, ta cuɗa irin da toka, ta zuba a gora ko kwalba ta toshe, ta rataye a wuri mai sanyi. Tokar tana tsotse laima tana kuma hana ƙwaro sakewa. Masana ajiyar iri suna da ƙa'idar da ake dangantawa ga Harrington: duk lokacin da laimar iri ta ragu da kashi 1 cikin 100, ko sanyin ma'ajiya ya ƙaru da digiri 5, tsawon ran irin yakan ninka. Da wannan ƙa'ida manyan rumbunan iri na duniya suke aiki, irin na Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967 kuma take riƙe da samfurin wake fiye da 15,000, da rumbun Svalbard na ƙasar Norwe da aka buɗe a 2008.

Zaɓen da tsohuwa take yi kowace shekara shi ne ya samar da kuɓewar da ta san ƙasar garin da ruwansa da ƙwarinsa. Irin kanti mai aure yana da yawan yabanya, amma in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa, sai su fito bambarakwai, wani dogo wani gajere. Gregor Mendel ya bayyana dalilin haka a 1866, bayan ya yi shekara takwas yana auratar da wani nau'in wake na ƙasar Turai a lambun gidan ibadar da yake zaune a birnin Brno: halayen da suka ɓuya a 'ya'ya sukan sake ɓullowa a jikoki, kusan ɗaya cikin huɗu. Ilimin gadon halitta gaba ɗayansa a lambun bayan gida ya faro.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona sun ɓace a ƙarni na 20. Ba a rana ɗaya suke ɓacewa ba. Tsohuwa ce take rasuwa, a raba gado, a yi ɗakin haya a inda garka take, a share goran iri a zubar tare da tarkace. Rumbun cibiyar bincike yana iya adana ƙwayar in an kai masa, amma sanin cewa wannan kuɓewar ta busarwa ce, waccan ta ɗanya ce, wannan kuma sai ruwa ya zauna ake shuka ta, yana cikin kan mai ita ne kawai.

Kaka a idon masana

Mace 'yar Adam takan rayu shekaru masu yawa bayan ta daina haihuwa, abin da ba a cika samu a sauran dabbobi ba. Kristen Hawkes da abokan aikinta sun yi nazarin mutanen Hadza na Tanzaniya, suka bayar da rahoto a 1997 cewa idan uwa tana goyon jariri, girman yaran da ta yaye yana tafiya ne da yawan saiwoyin da kakarsu take tonowa. A shekarar 2000 kuma Rebecca Sear da Ruth Mace da Ian McGregor suka duba tsofaffin bayanan lafiya na wasu ƙauyukan Gambiya, suka tarar yaran da kakarsu ta wajen uwa take raye sun fi samun abinci mai gina jiki, sun kuma fi tsallake mutuwar ƙuruciya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Su ma tsofaffin suna da riba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wa masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma cirar ciyawa da ɗaurin danga da zagayen garka suna cikin lissafi. Idan jikoki suna nan, su ne za su ɗauki sunkuyo da ɗaukar kaya, tsoho ya tsaya a kan nuni da bayani.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Malamin kimiyya yana iya mayar da hutu wani sashe na karatu ba tare da an kashe ko kwabo ba. Kafin a rufe makaranta, a ba kowane ɗalibi aiki ɗaya daga cikin waɗannan. Ya shuka ƙwayar kuɓewa 20 da aka jiƙa da 20 da ba a jiƙa ba, ya riƙa rubuta adadin da ya tsiro kowace safiya. Ko ya auna tsawon alayyafo biyar na rana da biyar na inuwa duk bayan kwana uku. Ko ya ƙirga furannin kabewa maza da mata na mako biyu, ya aurar da wasu da hannu ya bar wasu. Ko kuma ya zauna da kakarsa ya rubuta sunan kowane iri da take da shi, da inda ta samo shi, da lokacin shukarsa, da abin da ake yi da shi, ya roƙo 'yan ƙwayoyi a takarda. Ɗalibin da ba shi da inda zai je hutu yana iya yin gwajin a tsohon buhu ko bokitin da aka huda gindinsa. Idan aka dawo, a haɗa sakamakon a allo, a shuka irin da aka tattaro a lambun makaranta, kowanne da sunan garin da ya fito.

Kammalawa

A rubuce, Hausa tana kiran uwar uwa da lokacin girbi da kalma ɗaya. Kafin kaka ta yi, jikokin kaka sun koma birni da ƙunshin busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa a cikin jaka. Yakuwa za ta yi zoɓorodo ba su nan, gundar da yaro ya aurar da hannunsa za ta nuna a kan danga, a ajiye masa ita a ƙarƙashin gado har wani mai zuwa birni ya samu. Iyayen da ke shawarar inda yara za su yi hutun baɗi, da malaman da ke tsara aikin hutu, ya kamata su sa wannan 'yar garka a cikin lissafinsu tun masu ita suna da ƙarfin nuna wa yaro bambancin furen namiji da na mace.